Zaman Ɗalibai A Ingila: Samun Aboki Ya Fi Samun Ɗaki Wuya

Kowace shekara, da zarar watan Satumba ya kama, filin jirgin sama na Ikeja yakan cika da samari da 'yan mata janye da manyan akwatuna, iyaye na biye da su suna ta gargaɗi da addu'a. Da yawa daga cikinsu Ingila suka nufa neman ilmi. A shekarar karatu ta 2022 zuwa 2023, ɗaliban Nijeriya da ke jami'o'in Birtaniya sun haura 70,000, watau ba ƙasar da ta fi Nijeriya yawan ɗalibai a can sai Indiya da Sin. Adadin ya ragu daga baya, amma har yanzu dubbai ne ke tafiya, kuma a cikinsu akwai 'ya'yan 'yan Arewa mazauna Kudu, waɗanda aka haifa a Agege, ko Idi-Araba, ko Sabon Badun, ko Shagamu, iyayensu suka tara kuɗin karatun daga cinikin shanu, ko goro, ko canji, ko albashin ofis.

Kafin yaro ya tashi, uba yakan zauna ya yi lissafi dalla-dalla: kuɗin makaranta, kuɗin biza, kuɗin jirgi, hayar ɗaki, rigar sanyi. Abu guda ne ba ya shiga lissafin, shi ne wanda yaron zai yi hira da shi in ya isa. Alhali kuwa da yawa daga cikin waɗanda suka yi zaman karatu a can sukan ce kaɗaici ya fi sanyin ƙasar gigita baƙo. Ɗalibin da zai kwana bakwai bai buɗe baki ya yi magana da kowa ba sai mai kanti, a hankali barci yakan ƙaurace masa, ya fara fashin aji, aikin makaranta ya taru masa. Wani ma har ya dawo gida ba takardar shaida, dukiyar da aka kashe ta tafi a banza.

Baƙo makaho ne

Mai karatu ba ya bukatar a yi masa dogon bayanin baƙunci. Duk wanda ya taɓa sauka daga jirgin ƙasa a tashar Iddo, ko ya diro daga bayan motar shanu cikin dare bai san ko kalma ɗaya ta Yarbanci ba, ya san dalilin da ya sa Hausawa suka ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Ya kuma san maganin abin. Tun da aka kafa unguwar Sabo a Badun cikin 1916, baƙon da ya zo daga Arewa ba ya kwana a titi. Akwai mai gida wanda zai ba shi masauki, ya ajiye masa kuɗinsa, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in magana ta tashi.

Amma kuma mazauna Kudu sun san ɗaya gefen maganar. Akwai wanda ya shekara talatin a Sabo bai iya gaisuwa da Yarbanci ba, kullum sai da tafinta, in rigima ta tashi ba shi da ɗan gari ko ɗaya da zai ce ya san shi. Akwai kuma wanda ya sauka a wurin 'yan uwa, ya huta, sa'an nan ya fita ya yi abokai cikin Yarbawa da Ibo da sauran ƙabilu, harkarsa ta buɗe. Da ɗan gari akan ci gari. To, haka abin yake ga ɗalibi a Ingila. Yana bukatar 'yan uwa su tarbe shi, yana kuma bukatar ya fita daga cikinsu ya nemi wasu. Tarihin ɗaliban Afirka ta Yamma a birnin London ya nuna haka tun shekara ɗari da suka wuce.

Gidan WASU

A zamanin mulkin Turawa, ɗalibi yakan shiga jirgin ruwan kamfanin Elder Dempster a Apapa, ya yi kusan mako biyu a teku kafin ya sauka a Liverpool, daga nan ya hau jirgin ƙasa zuwa tashar Euston a London. Wahalar farko da ke jiransa ita ce ta ɗaki. Masu gidajen haya da yawa ba su karɓar baƙar fata. Wasu sukan rubuta haka ɓaro-ɓaro su manna a taga, wasu kuma sai sun buɗe ƙofa sun ga fuskar mutum sa'an nan su ce ai ɗakin yanzun nan aka kama shi. Sai a 1968 aka yi dokar da ta hana ƙin ba mutum haya saboda launin fatarsa.

Irin wannan wulaƙanci na cikin abin da ya sa ran 7 ga Agusta, 1925, waɗansu ɗalibai suka taru suka kafa Ƙungiyar Ɗaliban Afirka ta Yamma, wadda aka fi sani da WASU. Jagororinsu su ne Ladipo Solanke, mutumin Abeokuta mai karatun lauya, da Dokta Herbert Bankole-Bright na Saliyo. Solanke ya ga cewa ƙungiya ba ta tsayuwa sai da gida, saboda haka daga 1929 zuwa 1932 ya yi ta zagaya garuruwan Afirka ta Yamma yana neman gudummawa wurin sarakuna da attajirai da ma'aikata. Cikin 1933 aka buɗe gidan a titin Camden. Matarsa, wadda ɗalibai suke kira Mama WASU, ita ce uwar gida, kuma a nan ne yaron da ya gaji da dankalin Turawa da kabeji zai sami tuwo da miya mai yaji, ya ji kiɗan gida, ya yi gardamar siyasa har tsakar dare.

Ma'aikatar kula da ƙasashen mulkin mallaka ba ta saki jiki da wannan gida ba. Cikin 1934 aka buɗe wani gidan da hannun hukuma a ciki, mai suna Aggrey House, 'yan WASU kuwa suka yi tir da shi, suka ce an gina shi ne don a sa wa ɗalibai ido. Abin lura a nan shi ne, gidan WASU ya haɗa mutanen da a gida ba su taɓa haɗuwa ba. Bayarabe da Ibo da mutumin Gwalkwas, watau Ghana ta yanzu, da na Saliyo da na Gambiya, a kan tebur ɗaya suka fara sanin juna, domin sanyi da wariya ba su tambayar ƙabila.

Malaman Arewa a London

'Yan Arewa sun makara shiga wannan tafiya. Cikin 1945 ne Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, yana malamin makaranta a Bauchi, ya tafi Cibiyar Horon Malamai ta Jami'ar London don kwas na shekara ɗaya, tare da waɗansu malamai na Arewa. A shekara mai zuwa, 1946, Malam Aminu Kano ya bi sawu. Ƙasar da suka tarar ba ta hutu ba ce. Yaƙin Duniya na Biyu bai daɗe da ƙarewa ba, unguwanni da yawa kufai ne saboda bama-bamai, nama da sukari da tufafi duk sai da katin rabo, har burodi ma an sa shi cikin rabo daga Yuli 1946. Sa'an nan daga ƙarshen Janairu zuwa Maris na 1947 aka yi hunturun da aka daɗe ba a ga irinsa ba, dusar ƙanƙara ta toshe hanyoyin jirgin ƙasa, kwal ya yanke, aka riƙa ɗauke wutar lantarki na sa'o'i kowace rana.

Ga Musulmi kuma akwai ƙarin wuya. Mahauta Musulmi ba su da yawa, wasu sai su sayi nama a wurin mahautan Yahudawa, wasu su haƙura da kifi da ƙwai. Wuraren salla kaɗan ne. An buɗe cibiyar Musulunci ta Regent's Park cikin 1944, amma babban masallacin da ke wurin sai a 1977 aka gama shi. Ran salla, mutane da yawa sukan hau jirgin ƙasa zuwa garin Woking, inda akwai masallacin da aka gina tun 1889.

A irin wannan hali, da Malam Aminu ya kulle kansa a ɗaki da littattafansa ba wanda zai zarge shi. Sai ya yi amfani da hannu biyu. Da hannu ɗaya ya riƙe 'yan uwansa, domin a can London ne shi da abokan karatunsa 'yan Arewa suka ɗora tubalin ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa, wadda ta tsaya da ƙafarta a gida cikin 1948. Da ɗaya hannun kuma ya shiga cikin 'yan ƙasa, ya riƙa halartar tarurrukan masu ra'ayin gurguzu, ya saba da waɗansu 'yan majalisa na Jam'iyyar Leba wadda ke mulki a lokacin, ya kuma haɗu da ɗalibai na sauran ƙasashen da ke neman 'yanci. Abin da ya gani na yadda talaka ke tsayawa ya ƙalubalanci mai mulki ya biyo shi gida, kuma kowa ya san rawar da ya taka daga baya a shugabancin NEPU. Takardar malanta ta shekara ɗaya ce, abin da ya koya a wajen aji kuwa ya yi masa aiki har ƙarshen ransa.

Kwame Nkrumah ma misali ne. Ya iso London daga Amurka cikin Mayu 1945, wanda ya tarbe shi a tashar Euston kuwa George Padmore ne, mutumin tsibirin Tirinidad, wanda bai taɓa ganinsa ba sai ta hanyar wasiƙar wani aboki. Su biyun suka yi aikin shirya babban taron 'yan Afirka a Manchester cikin Oktoba na wannan shekara. Da Ghana ta sami mulkin kai a 1957, Padmore ya zama mai ba Nkrumah shawara kan harkokin Afirka, har ya rasu a 1959. Abota ce da ta soma a bakin jirgin ƙasa tsakanin baƙi biyu waɗanda teku ya raba ƙasashensu.

Turawa masu buɗe ƙofa

Ba dukan 'yan ƙasar ne suka rufe ƙofa ba. Daga 1950 hukumar British Council ta karɓi aikin kula da ɗaliban ƙasashen mulkin mallaka, tana tarbarsu a bakin jirgi, tana nema musu masauki, tana koya musu zaman gari. Ta kuma riƙe wani babban gidan ɗalibai a Hans Crescent. Tsarinta shi ne ɗalibi ya ɗan zauna a wurin, sa'an nan ya fita ya kama haya cikin gari don sababbin zuwa su sami ɗaki. Cikin 1951 ɗalibai suka ƙi fita, suka yi zaman dirshan, domin sun san abin da ke jiransu a ƙofar masu haya. Wannan ya nuna cewa fita cikin 'yan ƙasa ba abu ne mai sauƙi ba, kuma ba laifin baƙo ne kullum ba in ya noƙe.

Wata Baturiya mai suna Mary Trevelyan, wadda take ba ɗaliban ƙasashen waje shawara a Jami'ar London, ta lura da yadda suke yawo a titi ba abokin magana. Cikin 1956 ta kafa wani kulob inda baƙi da ɗalibai 'yan ƙasa za su riƙa haɗuwa a kai a kai, daga nan kuma aka kai ga buɗe Gidan Ɗaliban Ƙasashen Duniya kusa da Regent's Park a 1965. Dabararta mai sauƙi ce: a sa ɗan ƙasa da baƙo su kwana a gini ɗaya, su ci abinci a tebur ɗaya, sauran kuma sabo zai yi.

Kaɗaicin zamani

Yau tafiyar sa'a shida ce da 'yan mintoci daga Ikko. Naman halal ba ya wuya a manyan garuruwa, masallatai da coci-cocin 'yan Afirka sun yawaita, a unguwar Peckham kuwa doya da manja da garin rogo da busasshen kifi kamar mutum yana Oyingbo. Sai a zaci maganar kaɗaici ta ƙare. Ba ta ƙare ba, kamanni ta sake.

Na farko dai, wayar hannu. Ɗalibin da can in ya rubuta wasiƙa sai ya yi makonni yana jiran amsa, dole ta sa ya sauko falo ya nemi abokin hira. Na yanzu kuwa yana iya kwana a WhatsApp da mutanen gida, ya san wanda ya yi aure a Agege da farashin tumatir a Mile 12, amma bai san sunan wanda ke ɗakin da ke jikin nasa ba. Na biyu, yawancin masu tafiya digiri na biyu suke zuwa yi, wanda shekara ɗaya ce tak. Kafin mutum ya gane hanyar bas, an fara jarrabawa. Na uku, aiki. Doka ta yarda wa mai karatun digiri ya yi aikin sa'a 20 a mako lokacin da makaranta ke buɗe, kuma da yawa sukan cika sa'o'in nan a gidajen kula da tsofaffi ko manyan ɗakunan ajiyar kaya, sau da yawa cikin dare, su fito a gajiye su wuce aji. Na huɗu, daga Janairu 2024 gwamnatin Birtaniya ta hana yawancin masu digiri na biyu tafiya da iyali, sai masu karatun bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Magidanci da ya saba da hayaniyar yara sai ya tsinci kansa shi kaɗai da bango huɗu.

A kan wannan kuma sai a ƙara yanayin ƙasar. Cikin Disamba rana takan faɗi a London kafin ƙarfe huɗu na yamma. Da hutun Kirsimeti ya zo, ɗalibai 'yan ƙasa sukan watse gidajen iyayensu, ɗakunan kwana su yi tsit, ran 25 ga wata kuwa ko jirgin ƙasa da bas ba su aiki. Wanda bai yi abokai cikin Oktoba da Nuwamba ba, a wannan mako ne yakan ji jiki.

Halin mutanen ƙasar

Abin da ya fi ɗaure wa ɗan Arewa kai shi ne gaisuwa. Ya taso inda ake tambayar kwana da gajiya da iyali da aiki kafin a shiga magana, inda wuce mutum ba sallama rashin tarbiyya ne. A can kuwa maƙwabci yakan ɗaga kai kawai ya wuce, a cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa kowa idonsa na kan waya ko jarida. Baƙo sai ya ɗauka ƙiyayya ce. Wani lokaci ita ce ɗin, domin wariya ba ta mutu ba. Amma sau da yawa al'ada ce kurum: a wurinsu ƙyale mutum da harkarsa ladabi ne, yi wa wanda ba ka sani ba tambayoyi kuwa shisshigi ne.

Akwai 'yan abubuwan da in ɗalibi ya gane su da wuri zai huta. In Bature ya tambayi lafiyarka, amsa gajera yake jira. In ya fara maganar ruwan sama ko sanyi, ƙofar hira ya buɗe, sai a amsa masa. In ya ce sai wata rana ka zo gida, bai gayyace ka ba tukuna, sai ran da ya faɗi rana da lokaci. Ba a zuwa gidan mutum ba sanarwa, ba a tambayarsa albashinsa ko dalilin da ya sa bai yi aure ba. In an fita cin abinci tare, kowa yakan biya nasa, wannan ba rowa ba ce. Wanda ya yi alkawarin ƙarfe biyu ya zo biyu da rabi kuwa, ba za a yi masa faɗa ba, amma da wuya a sake gayyatarsa.

Sai maganar mashaya. Yawancin hirar ɗalibai 'yan ƙasa bayan aji a can ake yinta, wannan kuwa babban shinge ne ga wanda addininsa ko tarbiyyarsa ta hana shi. Wasu sukan shiga su sha lemo, wasu ba su taka wurin ko kaɗan, kowa da abin da zuciyarsa ta natsu da shi. Abin da ya kamata a sani shi ne, faɗin gaskiya tun farko ya fi ƙirƙiro uzuri kullum. Wanda ya ce shi ba ya sha, amma ga shagon shayi ko filin ƙwallo a haɗu a can, galibi akan girmama shi. Matasan ƙasar ma da yawa yanzu ba su sha.

Inda ake samun abokai

Mako na farko na shekarar karatu, wajen ƙarshen Satumba, jami'o'i sukan keɓe shi don sababbin ɗalibai. Ƙungiyoyi sukan baje tebura suna neman mambobi: na ƙwallo, na muhawara, na wasan kwaikwayo, na yawon duwatsu, na aikin agaji. A wannan mako kowa baƙo ne, har yaron da ya zo daga wani garin Ingila, saboda haka ba a jin kunyar tare mutum a tambayi sunansa. Ɗalibin da biza ta makarar da shi ya rasa wannan mako sai ya ninka ƙoƙari. A yawancin jami'o'i kuma akan bar yammacin Laraba ba darasi saboda wasanni, ƙwallon ƙafa kuwa ba ta bukatar Turanci mai yawa.

Abota tana ƙulluwa ne inda ake ganin fuska ɗaya a kai a kai. Taron dare ɗaya ba ya haifar da aboki, amma wanda ake haɗuwa da shi kowace Laraba a fili, ko kowace Juma'a a masallacin makaranta, ko kowace Lahadi a coci, ko a rukunin aikin aji, wata rana zai tambaya in bai gan ka ba. Kusan kowace jami'a tana da ƙungiyar ɗalibai Musulmi, kuma tarayyarsu ta ƙasa baki ɗaya ta kafu tun 1963. A buɗa-bakin azumi mutum yakan zauna tsakanin ɗan Malesiya da ɗan Sudan da ɗan Pakistan da aka haifa a Bradford, wanda shi ɗan gari ne, ya san inda ake samun ɗaki mai araha da aikin da ba a cuta.

Kicin ɗin da ake tarayya a ɗakunan kwana shi ma makaranta ce. Tukunyar dafa-duka ɗaya da aka ce wa maƙwabta bismilla takan yi abin da gaisuwar wata uku ba ta yi ba, muddin an rage barkono an kuma wanke tukunya bayan an gama. Ɗan Sin ko ɗan Indiya da ke ɗakin gaba shi ma kewar gida yake yi, shi ma tsoron Turancinsa yake ji. Sau da yawa abokan farko na baƙo baƙi ne 'yan uwansa, kuma ba ƙaramar riba ba ce mutum ya dawo da abokai a ƙasa biyar.

A nan 'ya'yan mazauna Kudu suna da jari wanda ba kowa ke da shi ba. Yaron da ya taso a Agege ya iya Hausa da Yarbanci da Turancin kasuwa, ya san yadda ake zama 'yan tsiraru a garin wasu, ya san lokacin magana da lokacin shiru. Mafi yawan 'yan Nijeriya da zai tarar a Ingila mutanen Kudu ne, shi kuwa cikinsu ya girma. Zai iya zama gada tsakaninsu da ɗan uwansa da ya taso daga Gusau ko Azare bai taɓa zama da wata ƙabila ba.

Abokin da za a guje wa

Kaɗaici yakan sa mutum ya kama duk hannun da aka miƙo masa, a nan ne kuma haɗari yake. Akwai wanda zai zo da fara'a da yaren gida, bayan kwana biyu ya ce a ara masa asusun banki za a turo masa kuɗi, zai ba da lada. Wannan laifin safarar kuɗin haram ne a dokar ƙasar, banki yakan rufe asusun, maganar kuma tana iya kaiwa kotu. Akwai mai cewa a zo a yi aikin da ya wuce sa'a 20 ba wanda zai sani, alhali in an gane ana iya soke biza. Akwai mai tallan rubuta wa ɗalibi aikin makaranta a biya shi. Tun 2022 wannan sana'a ta zama laifi a Ingila, jami'a kuma tana korar wanda ta kama. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Ranar wuya kuma takan zo ba sallama. Bayan da aka saki naira cikin Yuni 2023, fam ɗaya da ake saye ƙasa da naira 600 a farashin gwamnati ya haura naira 1,800 a farkon 2024. Kuɗin da iyaye suka tanada na shekara guda ya koma bai kai na rabinta ba. A Jami'ar Teesside da ke Middlesbrough, waɗansu ɗaliban Nijeriya sun kasa biyan kuɗin makaranta a kan lokaci, aka dakatar da su, wasu har aka ba su takardar barin ƙasa. Waɗanda suka tsaya musu a lokacin iri biyu ne: 'yan uwansu ɗalibai da suka haɗa kai suka yi zanga-zanga har maganar ta fito a jaridu, da kuma 'yan gari masu ƙungiyar agaji waɗanda suka riƙa ba su abinci. Wanda ya ɓoye matsalarsa a ɗaki don kunya shi ya fi shan wuya.

Rabon iyaye

Iyaye ma suna da hannu a wannan al'amari. Gargaɗin da aka saba yi wa mai tafiya shi ne ya kama kansa, kada ya shiga harkar kowa, karatu ya kai shi. Niyyar mai kyau ce, amma yaro mai biyayya yakan fassara ta da cewa ya kulle ƙofa. Ya fi kyau a ce masa ya riƙe sallarsa ko cocinsa, ya nemi 'yan gida su nuna masa gari, sa'an nan ya shiga ƙungiya ko da ɗaya ce wadda ba ta 'yan Nijeriya ba. 'Ya mace ma haka, domin ita aka fi tsananta wa gargaɗi, ita ce kuma ta fi zama a ɗaki. Ƙungiyoyin mata zalla na wasanni da na karatu da na addini suna nan a jami'o'i da yawa.

In an kira waya, bayan tambayar jarrabawa da kuɗi, sai uwa ta tambayi wanda ya ci abinci da shi jiya, da sunan wanda suke zama kusa a aji, da inda zai yi hutun Disamba. In wata biyu suka wuce ba ta ji sabon suna ko ɗaya ba, ko ta ji muryarsa ta canja, yana yawan barcin rana yana cewa ba kome, to a matsa masa ya je wurin malamin da aka ba shi ya kula da shi, ko ofishin ba da shawara na jami'a, wanda kyauta ne kuma ana riƙe sirri, ko likitan unguwa da ya yi rajista da shi. A kuma nemi wani babba ɗan gida da ke kusa da garin, a ba shi lambar yaron, a roƙe shi ya taka ya gan shi ido da ido, domin zumunci a ƙafa yake.